Albashi Ya Ƙaru a Kebbi, Saura Man Babur ɗin Malamin Gona

A watan Oktoba na 2024 Gwamnan Kebbi, Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikatan jihar. Ya ɗora 5,000 ke nan a kan 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ƙarshen Yulin shekarar. Babu wanda abin ya ba mamaki a Birnin Kebbi. Mutumin da ya shugabanci ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, NUT, ya kuma riƙe mataimakin shugaban ƙungiyar ƙwadago ta NLC, ba zai hau kujerar gwamna ya tsaya ja-in-ja da ma'aikata a kan abin da ya yi shekaru yana nema musu ba.

Ma'aikatan kuwa sun cancanta. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Naira 30,000 da aka yanka tun 2019 ta daina kai magidanci ko tsakiyar wata. A jihar da ake loda shinkafa a tirela ana kai wa Legas, masinjan ofis ya koma awon gwangwani.

Sai dai duk wanda ya taɓa albashi ya taɓa kasafin kuɗi gaba ɗayansa, ko ya nufa ko bai nufa ba. In aka tattara kasafin kowace jiha, kashi uku ne: albashi da fansho, kuɗin gudanar da ofisoshi na yau da kullum, sai manyan ayyuka. Na farko yana da ƙungiyar ƙwadago da ke tsaya masa, in an taɓa shi a rufe sakatariya da kwaɗo. Na uku yana da 'yan kwangila da 'yan siyasa, shi ne ake yanka wa ƙyalle a gaban kyamara. Na tsakiyar nan shi ne maraya. A cikinsa ake samun man babur ɗin malamin gona, da alli da rajistar makaranta, da dizal ɗin janareton asibiti, da kuɗin motar sufeton da zai je ya ga ko malamin da aka tura ƙauye yana shiga aji. Duk ranar da albashi ya kumbura, ko aka ƙyallara ido a kan wani sabon gini, daga jikin wannan kason ake yanka, domin shi ne ba ya da mai yi masa kuka.

A Kebbi maganar ta fi nauyi saboda jihar ba ta da abin hannunta sosai. A 2023 kuɗin shigar da ta tara da kanta bai cika naira biliyan 12 ba, tana cikin ukun ƙarshe a ƙasar, a shekarar da Legas ta tara sama da biliyan 800. Kasafin jihar kuwa ya tashi daga kimanin biliyan 250 a 2024 zuwa kimanin biliyan 580 a 2025. Abin da ya cike wannan tazara mai faɗi shi ne kason da ake rabowa daga Abuja duk wata, wanda ya ƙaru bayan janye tallafin mai da faɗuwar naira, sai tallafi da rance. Albashi alkawari ne na dindindin, kason Abuja kuwa da farashin ɗanyen mai yake tashi yake kwanciya. Wanda ya manta ya tuna 2015, lokacin da farashin mai ya faɗi jihohi da dama suka kasa biyan ma'aikata wata da watanni, har sai da gwamnatin Buhari ta ba su kuɗin ceto, daga baya ta bi su da kuɗin Paris Club.

Tarihin gyaran aikin gwamnati a Najeriya ya nuna abu guda sau da yawa: ana kawo rahoto mai ɗauke da ƙarin kuɗi da kuma gyaran hali, sai a karɓi kuɗin a kulle gyaran a durowa. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974 zamanin Janar Gowon. Shi ya kawo matakan albashi na 01 zuwa 17 da ake aiki da su har yau, ya kuma ba da shawarar a riƙa tsara kasafi bisa aikin da ake son cimmawa, a riƙa auna ma'aikaci da abin da ya aiwatar. Abin da mutane suka tuna shi ne ƙarin albashin da ariyas ɗinsa da aka lissafa tun daga Afrilun 1974, da rediyo da babura da suka ƙare a kantuna, da farashin kasuwa da ya tashi bai sake saukowa ba. Shekara guda bayan haka Janar Murtala ya sallami ma'aikata fiye da dubu goma. An yi nufin tsarkake aiki, an kuma kori ɓarayi da malalata da yawa, amma waɗanda suka tsira sun koyi darasin da ba shi aka so koya musu ba: kujera ba ta da tabbas, kowa ya tanadi na gobe tun yana kai.

Gyaran da ya fi shafar yadda ake kashe kuɗi kai tsaye shi ne na 1988, zamanin Janar Babangida, wanda Doka ta 43 ta tabbatar. Kafin nan babban sakatare ne ke ɗauke da alhakin kuɗin ma'aikatarsa, shi zai sa hannu, shi kuma zai amsa tambaya in mai binciken kuɗi ya zo. Dokar ta ɗauke wannan alhaki ta ɗora wa minista, a jiha kuma kwamishina. Babban sakatare ya koma darakta janar, wanda zai tafi tare da gwamnatin da ta naɗa shi. Wato mutumin da aka ajiye don ya ce wa ɗan siyasa, “Ranka ya daɗe, ƙa'ida ba ta yarda da wannan ba,” an mayar da tuwonsa a hannun ɗan siyasar. Kwamitin Allison Ayida da Janar Abacha ya kafa a 1994 ya ba da shawarar a koma tsohon tsari, aka kuma koma. An dawo da sunan babban sakatare cikin sauƙi. Ƙarfin halin cewa a'a shi ne bai dawo da sauri ba.

A tsakiyar zamanin Doka ta 43 aka haifi Kebbi. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ma'aikata 'yan asalin Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru suka kwaso fayil-fayil suka nufo Birnin Kebbi, garin da ba a shirya shi don ɗaukar ma'aikatu ba. Aikin gwamnatin jihar ya buɗe ido ne a lokacin da biron kuɗi ke hannun kwamishina. Duk mai son gyara shi yau ya kamata ya san daga inda ya taso.

Daga 2003 gyaran ya koma na na'ura da lissafi. Gwamnatin Obasanjo ta mayar da gida da mota da direban manyan ma'aikata kuɗi a cikin albashi, ta kawo dokar fansho ta karo-karo a 2004, sai dokar bayar da kwangila ta biyo baya a 2007. A wannan shekara aka fara gwajin IPPIS, tsarin biyan albashi ta kwamfuta, asusun bai-ɗaya kuma ya kankama a 2015. An samu riba ta gaske. A Fabrairun 2016 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta sanar da cire sunayen bogi 23,846 daga takardar albashin tarayya, abin da ya rage naira biliyan 2.29 a wata. A 2018 Bankin Duniya ya kawo shirin SFTAS na dala miliyan 750, aka ƙara wasu 750 a 2020, inda ake ba jiha kyautar kuɗi in ta wallafa kasafinta da rahoton mai binciken kuɗi a kan lokaci, ta kuma haɗa sunan kowane ma'aikaci da lambar BVN da zanen yatsansa.

Wannan duk alheri ne, amma kamun ɓarawo ne kawai. Na'ura tana iya faɗa wa akanta janar cewa mutumin nan ya mutu tun bara ko yana karɓar albashi biyu. Ba ta iya faɗa masa cewa ungozoma biyar sun taru a asibitin cikin gari alhali ƙaramin asibitin wani ƙauye a Augie ko Arewa ba ya da ko ɗaya. Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba bayan kowace tantancewa: kuɗin da aka ce an ceto, ina suka nufa? Ma'aikaci ya yi kwana da kwanaki a layi da takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma a cikin leda, wani tsohon ɗan fansho an kawo shi a kan babur daga ƙauye, an sanar da adadin 'yan bogi a rediyo, daga nan shiru. In kuɗin sun koma cikin babban asusu ba tare da an rubuta musu wurin zuwa ba, to sun tafi inda mai ƙarfi ya so.

Kaduna ta gwada hanya mai zafi. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta sallami malaman firamare 21,780 da suka faɗi jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce, ta ce za ta ɗauki 25,000 a madadinsu. A Mayun 2021 rage ma'aikata ya jawo yajin aikin NLC da ya tsayar da jihar cik. Har yau ana gardama a kan adalcin abin, kuma akwai magidanta da suka shiga ƙunci ba da laifinsu ba. Abin ɗauka a nan shi ne gwamnatin ta yi tambayar da ta wuce yawan sunaye a takarda: wanda ake biya, ya iya aikin? Kebbi ba ta bukatar korar jama'a a wannan tsadar rayuwa. Tana bukatar tambayar, da amsa mai tausayi: horo, sauyin wurin aiki, da ɗaukar sababbi inda giɓi yake.

A fadamar Rima ne ake ganin kuɗin wannan giɓi da ido. A Nuwambar 2015 Shugaba Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki, Anchor Borrowers, zamanin Gwamna Atiku Bagudu. Noman rani ya bunƙasa, aka fitar da shinkafar Lake Rice tare da Legas a ƙarshen 2016, kamfanin WACOT ya buɗe injin casar shinkafa a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi. Sunan Kebbi ya zama ɗaya da shinkafa. A faɗin ƙasa shirin ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, amma da aka zo lissafin biya a 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka mayar, Babban Banki ya ce kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, kusan rabi ko fiye bai dawo ba.

Dalilan suna da yawa, har da ambaliya da tunanin cewa kuɗin gwamnati rabo ne. Amma rance irin wannan yana tsayawa ne a kan ƙaramin ma'aikaci guda: wanda zai je ya taka gonar da ƙafarsa, ya tabbatar mai sunan manomi ne, ya auna hekta, ya ga an zuba takin ba a kai shi kasuwa ba, ya dawo lokacin girbi. Malamin gona ke nan. Tun ayyukan raya noma da Bankin Duniya ya tallafa a Funtua da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 aka gina wannan aiki a Arewa, Kebbi kuma ta gaji nata a hukumar KARDA. Da tallafin waje ya janye, a jihohi da yawa tsofaffin malaman suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, waɗanda suka rage kuma albashi ake ba su ba tare da kuɗin zirga-zirga ba. Gwamnati za ta iya sayen taki da injin ban ruwa na biliyoyi da sa hannu ɗaya, domin kwangila ce. Albashin malamin gona ɗari da man baburansu na shekara bai kai kuɗin 'yan kilomitoci na kwalta ba, amma shi ne ke shan wuya kafin ya shiga kasafi, in ya shiga ma a sake shi.

Haka maganar ambaliya. A daminar 2020 ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi gab da girbi. Hukumomin tarayya suna fitar da hasashen ruwan sama da na ambaliya kowace shekara, madatsar Goronyo da ta Bakolori kuma suna sama da kwarin, duk ruwan da aka sako ta nan zai bi. Hasashen da ya tsaya a ofis bai ceci kowa ba. Sai an sami wanda zai kai shi gaban hakimi da dagaci da sarkin noma, ya ce a bana a shuka iri mai saurin nuna, ko a ɗaga daga bakin gulbi. Kayan agajin da ake rabawa bayan ɓarna sun ninka abin da wannan tafiya za ta ci.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Ma'aikatar da ba ta da ƙwararrun masu tsare-tsare, da injiniya, da mai ƙiyasin kuɗin gini, ba ta iya rubuta wa kanta abin da take bukata. Sai shawara ta riƙa zuwa daga waje, daga mai neman kwangila da ya riga ya zana gininsa ya sa masa farashi. Shi ya sa kasafi ke karkata ga abin da ake ginawa, ya bar abin da ake gudanarwa. Ajin da aka gina yana da allon suna, malamin da zai shiga cikinsa shekara da shekaru ba ya da shi. Kebbi tana cikin jihohin da binciken ƙasa ya sha nuna sun fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, alhali Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu tana yaye masu NCE kowace shekara, da yawansu suna zaune a gida ko suna kabu-kabu.

Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma a nan ne za a auna gaskiyar kowane ƙarin albashi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hukuncin ya dace. Amma ƙananan hukumomi 21 na Kebbi za su riƙe wannan kuɗi ne da ma'aji da akawu da mai binciken cikin gida da suke da su yanzu. Zamanin En'e, baitulmalin Gwandu da na Argungu suna da ma'aji da littafin shiga da fita da ake dubawa, da duk zaluncin harajin lokacin. In aka sako kuɗi yau ba a gyara ofishin ma'aji ba, an dai sauya hannun da zai ɗiba ne.

A sama kuma ana faɗin rage kashe kuɗi ana ƙara kujeru. Rahoton Stephen Oronsaye na 2012 ya ƙirga hukumomin tarayya 541, ya ce a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Ya kwana shekara goma sha biyu kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin aiwatar da shi a Fabrairun 2024, a shekarar da kuma aka kafa sabuwar ma'aikatar kiwo da sababbin hukumomin raya shiyyoyi, har da ta Arewa maso Yamma. Wasu daga cikinsu ana bukatarsu. Amma kowace sabuwar hukuma tana zuwa da shugaba da motoci da hayar ofis. A jihohi, kowace jam'iyya ke mulki, masu ba da shawara da mataimaka na musamman suna cin alawus daga tukunyar da sufeton makaranta ke jiran kuɗin mota, kuma ba a tantance su da zanen yatsa a rana.

Kebbi tana da damar da ba kowace jiha ke da ita ba. Gwamnanta ya fito daga aji da ɗakin taron ƙwadago, ma'aikata za su saurari magana mai ɗaci daga bakinsa wadda ba za su karɓa daga wani ba. Tsohon gwamnanta, Atiku Bagudu, shi aka naɗa Ministan Kasafi da Tsare-tsare a Agustan 2023. Ƙarin albashi ya biya bashin da ma'aikata ke bin gwamnati. Bashin da manomin Argungu da mai naƙuda a ƙauyen Bunza ke bin ma'aikata shi ne ya rage.

Biyan sa ba ya bukatar wani kwamiti mai dogon suna. Ofishin shugaban ma'aikata ya fitar da jadawalin inda kowane malami da ma'aikacin lafiya da malamin gona yake aiki, gunduma-gunduma, a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma don dagaci ya gani ya ce wannan muna ganinsa, wannan ba mu san shi ba. Wanda aka tura ƙauye mai nisa a ba shi alawus na gaske. Duk kuɗin da tantancewa ta ceto a rubuta adadinsu, a kashe su wajen ɗaukar sababbin ma'aikata a fannin da aka same su. Babban sakataren da ya ƙi sa hannu a kan baucar da ba ta bi ƙa'ida ba, kada washegari ya ji an mayar da shi wani lungu.

Sauran aikin yana hannun Majalisar Dokokin Jiha. Idan kwamishinoni suka zo kare kasafin baɗi, 'yan majalisa su ajiye tambayar gine-gine na ɗan lokaci, su nemi takardar da ke nuna nawa aka ware wa kowace ma'aikata na gudanarwa a bana da nawa aka sake mata a zahiri, wata bayan wata. Su karanta ta a zauren majalisa, gidan rediyon jiha ya watsa da Hausa, ƙungiyoyin manoma da na malamai su riƙe kwafinta.